Ruwan da Aka Ɗiba a Bayan Auta

Ni ɗiyar mahauci ce. A Gusau aka haife ni a 1983, cikin gidan da ba ya rabuwa da ƙaurin babbaka. Tun ban kai shekara goma ba na san hanta, na san saifa, na san yadda ake cire matsarmama ba tare da ta fashe ta ɓata nama ba. Idan Baba ya dawo daga mahauta da kai da ƙafa, ni ce mai riƙe masa fitila yana fasawa. Da a lokacin wani ya ce mini wannan ilmi ne, da dariya zan yi masa. A makaranta ɓoye sana'ar gidanmu nake yi, don kowa ya san irin kallon da ake yi wa 'ya'yan rundawa.

Aure ne ya kawo ni Landan a 2010. Bayan na yaye ɗiyata ta biyu na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a kudancin birnin. Aikin ɗagawa ne da juyawa: ki tayar da mutum daga gado, ki zaunar da shi, ki yi masa wanka, ki mayar da shi. Akwai na'urar ɗagawa, amma ba ita ke sunkuyawa ta sa wa tsohuwa safa ba. Zuwa 2015 wuyana ya riƙe, ciwon kai kuma ya tare a ƙeyata ya ƙi tashi. Na ga likita, an duba ni, an ce babu wani mugun abu, aka ba ni magani da motsa jiki. Ya ragu, bai tafi ba.

Wata abokiyar aikina 'yar Folan ce ta ce in gwada abin da ake kira kiraniyosakiral. Sunan ya haɗa abu biyu, ƙoƙon kai da wani faffaɗan ƙashi mai siffar ruwan fartanya da ke ƙarshen gadon baya tsakanin kwatangwalo biyu, wanda likitoci ke ce wa sakuram. Na tambaye ta ko tausa ce, ta ce a'a. Ko allura? A'a. Abin da ya sa na yarda kawai shi ne ta ce mace ce ke yi, kuma ba a tuɓewa.

Na kwanta rigingine da kayana a jiki. Matar ta tallabi ƙeyata da tafukanta biyu, ta yi shiru. Ba matsawa, ba murzawa. Can sai ta zura hannu ƙarƙashin ƙuguna, ta sake yin shiru. A raina na ce yau na zubar da fam hamsin a banza. Ban sake sanin inda nake ba sai da na ji tana taɓa kafaɗata tana cewa lokaci ya cika. Rabona da barci irin wannan tun kafin in fara haihuwa. A cikin bas, ina komawa gida, hawaye suka riƙa zubo mini ban san dalili ba. Na koma sau huɗu, ciwon kan ya yi sauƙi ƙwarai, sai na ji ni ma ina so in iya.

Makarantar da na nema ta ce tunda ni ba likita ba ce, ba nas ba, ba ungozoma ba, sai na fara kawo shaidar karatun anatomi da fisiyoloji, wato sanin sassan jikin mutum da sanin yadda suke aiki. Raina ya ɓaci. Ni da na zo koyon ɗora hannu, me ya haɗa ni da haddar sunayen ƙasusuwa? Malam, maigidana, ya ce in ɗauke shi kamar alwala, ba ita ce sallar ba amma ba a kabbarta sai da ita. Na yi rajista a watan Satumba na 2016, ajin Asabar-Asabar, mu goma sha huɗu.

Malamarmu tsohuwar ma'aikaciyar gashin ƙashi ce da ta yi ritaya daga asibiti. Ba ta da wata alaƙa da masu kiraniyosakiral, kuma wannan ya yi mini rana daga baya. Ranar farko ta ajiye ƙoƙon kai na roba a kan tebur, ta ɓaɓɓalle shi. Ni a sanina ƙoƙon kai ƙwarya ɗaya ce. Ashe ƙasusuwa 22 ne daga cikin 206 na jikin baligi: 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska. Duk a ɗinke suke da juna da wani ɗinki mai kama da haƙoran zarto, in ban da muƙamuƙin ƙasa, wanda shi ne mai gaɓar da muke tauna da ita.

Sunayen Latin da Girkanci ne suka so su kore ni. Mako uku ina maimaita su kamar yaron da ke tilawa bai san fassara ba, da safe su zube. Sai na fara tambayar ma'anar kowane suna, na tarar waɗanda suka raɗa su ba wani abu suka yi ba illa kwatance da abin da suke gani a gida. Ƙashin da ke can bayan karan hanci, wanda zaren jijiyoyin jin ƙanshi ke ratsa hudojinsa, sunansa etmoyid, ma'ana mai kama da rariya. Na rubuta rariya. Wanda ke shimfiɗe a tsakiyar gindin ƙoƙon da fikafikansa a buɗe, sifenoyid, 'yan ajinmu suka ce malam-buɗe-littafi suke gani, ni kuwa jemage na gani, kuma har yau jemage nake ce masa. A doron jemagen nan akwai wani ɗan gurbi inda wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake ke zaune, ita ce ke sarrafa girman jiki da zuwan haila da kawo ruwan nono. Sunan gurbin sirdin Baturke. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla, yana gani zai ce lalle sirdi ne. Ƙofar da ke ƙasan ƙeya inda laka ke fita ta gangara gadon baya, da aka fassara mini dogon sunanta sai ga shi babban rami kawai yake nufi. Na cika littafi guda da irin wannan, Latin a hagu, Hausa a dama.

Da muka zo kan tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, aka ce hawa uku ne. Na waje mai kauri kamar jemammiyar fata, sunansa uwa mai tauri. Na tsakiya kamar saƙar gizo-gizo. Na ciki siriri ne, manne da ƙwaƙwalwar, sunansa uwa mai taushi. Malama ta ce Turawa daga likitocin Larabawa suka fassaro wannan uwar. Ina ba Malam labari da dare, sai ya ajiye cokali ya ce, "Ummud-dimag! Ai mun karanta a zaure." A babin diyya ne, in ji shi. Raunin da ya tone har ƙashi ya bayyana shi ne mudiha, raƙuma biyar. Wanda ya fasa ƙashi ya isa uwar ƙwaƙwalwa shi ne ma'amuma, sulusin diyya. Muka raba dare a kan tabarma, shi da fiƙihunsa ni da ƙoƙon robana, yana nuna mini da yatsa inda kowane rauni ke tsayawa. Tun daga ranar ya daina kiran karatun nawa da "bokonki na ƙashi".

Roba dai roba ce. A watan Nuwamba na je wurin wani Bafakistane mai sayar da naman halal na ce ina son kai biyu, na ɗan rago da na tsohon rago. Ya ce na ɗan rago kaɗai zan samu, domin tun bayan cutar haukan shanu doka ta hana sayar da kan tunkiyar da ta haura shekara ɗaya. Na kawo gida na dafa shi har nama ya saki ƙashi, na goge da tsohon buroshi. Yara suka gudu daga kicin. Romon kam bai tafi a banza ba. Da ƙashin ya bushe sai ga ɗinkin nan raɗau, yana tafiya a karkace kamar sawun tururuwa.

Na kira wayar ƙanena na ce ya kai wa Baba hoton bidiyo. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwata yake ce mini.

"Uwata, mi za ki yi da ƙashi? Nama ya ƙare Ingila?"

"Baba, wannan ɗinkin nake so ku duba mini. Kun san shi?"

Ya matso da idonsa jikin wayar, ya yi dariya. Ya ce kan ɗan rago, in ka sa bakin wuƙa cikin ɗinkin ka murɗa, buɗewa yake kamar goro. Na tsohon rago kuwa ɗinkin ya riga ya cike, sai da gatari. Ya ce a ciki akwai wata fata mai tauri da ke manne da ƙashin, kuma idan da ɗanyensa ka fasa, wani ruwa kan biyo baya fari tas, ba jini ba ne. Wato uwa mai tauri da ruwan ƙwaƙwalwa, waɗanda na biya kuɗi ake koya mini da majigi, mutumin da na yi shekaru ina ɓoye sana'arsa ya fi shekara arba'in yana taɓa su da hannunsa kowace safiya. Na rubuta maganarsa ta tsohon rago a gefen littafina ba tare da na san ranar da zan neme ta ba.

Fisiyoloji ne ya kayar da ni. Jarrabawar farko faɗuwa na yi, kuma da na zauna na duba, kalma ɗaya ce ta jawo mini: jijiya. Mu a Hausa wadda ke kai jini jijiya ce, wadda ke dawo da shi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya muke ce mata. Tunda suna ɗaya gare su a bakina, sai suka zama abu ɗaya a kaina. Sai da na raba musu gida, kowace da kalar birona. Jijiyoyin saƙo masu fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, masu fita daga laka tagwaye 31. Ta goma a cikin sha biyun nan ita na fi so, sunanta ma mai yawo. Tana fita ta wata kafa kusa da ƙashin ƙeya, ta bi wuya, ta leƙa zuciya da huhu, ta gangara tumbi da hanji. Idan mutum ya firgita, wani ɓangaren jijiyoyi ne ke hanzarta zuciya ya tsayar da narkar da abinci. Idan ya samu aminci, mai yawo da 'yan uwanta ke sassauta bugun, ciki ya fara ƙugi, ido ya yi nauyi. Ina karanta wannan sai na tuna gadon matar nan. Ɗaki mai ɗumi, shiru, hannun da ba ya neman komai a wurina, ga mace da ta yi shekara biyar ba wanda ya ce mata kwanta ki huta. Na fara zargin cewa barcin nan nawa yana da bayani mai sauƙi, amma na danne zargin.

A watan Maris na 2017 muka shiga darasin ruwan ƙwaƙwalwa, daidai lokacin da labarin sanƙarau nau'in C ke fitowa daga Zamfara, ana kirana daga gida ana lissafa mini inda aka yi rashi. Malama ta zana ɗakuna huɗu da ke cikin ƙwaƙwalwa, inda wasu curin ƙananan jijiyoyin jini ke tato ruwa daga jini. Ruwa ne garai-garai. Yana kewaya ƙwaƙwalwa da laka tsakanin tantani na biyu da na uku, har ƙwaƙwalwar da ta kai kusan giram 1,400 ta zama tana iyo a cikinsa, nauyinta ya koma kamar giram 50. A jikin baligi abin da ke akwai a lokaci guda kusan mililita 150 ne, amma abin da jiki ke samarwa a kwana ɗaya ya kai 500, ledar fiyawota guda cur. Ke nan sau uku zuwa huɗu ake sabunta shi kullum. Daga nan ta juya ƙwarangwal ta bi gadon baya da yatsa: ƙashi 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso. Laka, in ji ta, ba ta kai har ƙasa ba, tana ƙarewa wajen ƙashi na ɗaya ko na biyu na kwankwaso. Ƙasa da nan jakar ruwa ce kawai da zaren jijiyoyi suna reto a ciki, waɗanda ake kira jelar doki. Shi ya sa idan likita zai ɗebi ruwan don gwajin sanƙarau, tsakanin ƙashi na uku da na huɗu yake sa allura, ko na huɗu da na biyar, inda babu lakar da zai taɓa.

Ban ji sauran darasin ba. Na tashi na shiga banɗaki na kulle.

Autanmu shekararsa bakwai a bazarar 1996, lokacin Gusau tana cikin jihar Sakkwato, sai a watan Oktoba aka yanke Zamfara. Ita ce shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu zuwa hajji. Ya dawo daga makarantar allo da zazzaɓi da ciwon kai. Kwana biyu ana jiƙe-jiƙe ana ba shi fanadol. A rana ta uku wuyansa ya sanƙare, ko hasken fitila ba ya so. Aka kai shi asibiti, aka lanƙwasa shi gwiwa na taɓa haɓa, Inna ce ta riƙe shi, aka ɗebi ruwa a bayansa. Na ga 'yar kwalbar da idona, ruwan a gurɓace kamar na wankin shinkafa. Da asubar washegari ya rasu. Tun daga ranar Inna ta yanke a ranta cewa ruwan bayansa da aka zuƙe ne ya kashe shi, kuma ita ce ta danne shi aka zuƙa. Shekara 21 ba ta sake taka asibiti da ƙafarta ba. Hawan jininta ma sai dai a sayo mata ƙwaya a kemis. Ni ma, gaskiya, haka na yarda, don haka duk unguwa ke faɗa.

Sai da na yi mako biyu kafin in iya kiranta. Ni ce 'yar fari, akwai kunya tsakaninmu, ko sunana ba ta kamawa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ruwan da aka ɗiba a bayan Auta, kin tuna yawansa?"

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. "Ke, mi ya kawo wagga magana?"

"Karatu muka yi a kai. Don Allah ki tuna mini."

"Bai cika cokalin shayi biyu ba."

Na ce mata jikin yaro bai kai na babba yawan ruwan ba, amma ko shi ɗan wannan kafin a yi sallar gaba ya mayar da shi. Na ce allurar ba ta kai wurin laka ba, don lakar ta ƙare a sama da inda aka soka. Na ce ruwan mai lafiya fari yake tas kamar yadda Baba ke gani a kan rago, kuma gurɓacewar da muka gani mugunya ce, cutar ta riga ta cika shi kafin allura ta zo. Akwai abin da na sani na haɗiye. Sanƙarau na bakteriya yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, shi kuwa Auta ya kwana biyu a gida da shi. Ban faɗa mata wannan ba, kada in sauke mata kaya ɗaya in aza mata wani.

Na ji numfashinta a waya. Can ta ce, "Ashe ba ni na riƙe shi aka kashe ba." Sai kuma ta gyara murya. "Allah shi jiƙan shi. Ki gaida yara." Ta kashe.

Na ci jarrabawa a watan Yuni, a Satumba na shiga karatun kiraniyosakiral ɗin kansa. Aka fara mana da tarihi. Wani Ba'amurke, William Sutherland, yana ɗalibi a makarantar ostiyofati, wato jinyar ƙashi da tsoka da hannu, ta Andrew Taylor Still a jihar Mizuri, wajen 1899, ya kalli gefen ƙashin da ke saman kunne ya ga a feƙe yake kamar marfin numfashin kifi, sai ya raya a ransa cewa an yi ƙasusuwan kai ne don su riƙa motsi. Har wani kwalkwali ya haɗa yana matse kansa da shi don gwaji. Daga baya John Upledger, wanda ya yi bincike a jami'ar jihar Mishigan tsakanin 1975 da 1983, ya sauƙaƙa hanyar, ya raɗa mata wannan suna, ya buɗe ta ga waɗanda ba likitoci ba. Abin da ake koyarwa shi ne ruwan ƙwaƙwalwa yana da nasa kai-komo, sau 6 zuwa 12 a minti, daban da bugun zuciya da numfashi, kuma hannun da ya horu zai ji shi a kai, a ƙugu, har a ƙafa, ya gyara inda ya cije. Nauyin taɓawar kada ya wuce giram 5. Aka ɗora wa kowa tsabar fens 20 a bayan hannu, don nauyinta ke nan daidai.

Na ji abu a hannuna, ba zan musa ba. Idan kika tallabi kan mutum minti goma kin yi tsit, za ki ji kamar yana buɗewa yana tsukewa. Amma wata rana aka haɗa mu biyu a kan mutum ɗaya, ni a kai, abokiyata a ƙafa, aka ce kowa ta ƙirga a zuci. Minti ya cika, ni bakwai, ita sha ɗaya. Muka sake, ni takwas, ita biyar. Na tambayi malamin, ya ce kowace tana sauraron wani mataki ne daban na kai-komon. Amsar ba ta zauna mini ba, domin da bugun zuciya muka ƙirga, ni a wuya ita a ƙafa, da lamba ɗaya za mu kawo.

Na koma wurin tsohuwar malamata ta anatomi, ta haɗa mini shayi. Ta ce abin da muka yi masu bincike sun yi irinsa tun shekarun 1990, masu ɗora hannu biyu a kan mutum ɗaya, ƙirgarsu ba ta zo ɗaya ba. Ta ce a 1999 wani ofishin tantance hanyoyin jinya na lardin Biritish Kolombiya a Kanada ya tattara abin da aka rubuta ya ce hujjar ba ta isa ba. Ruwan ƙwaƙwalwa yana motsi kam, na'urar hoto ta nuna yana bin bugun zuciya da numfashi, amma wannan kai-komo na uku ba a tabbatar da shi ba. Sannan ta ɗauko ƙoƙon roba ta nuna mahaɗar jemage da ƙashin ƙeya, wurin da aka ce mana shi ne cibiyar motsin duka. A yaro guringuntsi ne, a shekarun balaga yake rikiɗa ya zama ƙashi ɗaya. Ina komawa gida na buɗe littafina, ga rubutuna a gefe: na tsohon rago sai da gatari.

Malaman kiraniyosakiral ɗin ba maƙaryata ba ne, sun yarda da abin da suke faɗa, kuma sun koya mini abin da ban samu a ko'ina ba: neman izini kafin taɓa mutum, zama shiru ba tare da ƙosawa ba, da sassauta hannu har ya daina tsoratarwa. A wurin aikina akwai wata tsohuwa mai ruɗewar tsufa da ke dukan duk wanda ya zo yi mata wanka. Na koma ina fara riƙe ƙafafunta minti biyar ban ce komai ba, sai ta bari. Saboda irin wannan na ƙarasa karatun a 2019. Yanzu yamma biyu a mako mata kan zo gidana, yawanci 'yan uwanmu masu aikin dare. Tun a bakin ƙofa nake gaya musu ba na gyara ƙashin kan kowa, hutu nake bayarwa. Wadda ta ce ciwon kai ya sauko mata farat ɗaya irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko yana tare da zazzaɓi da riƙewar wuya, ko gefe ɗaya na jikinta ya saki, ko ta faɗi ta bugu, ba ta hawa gadona, asibiti nake tura ta. Jarirai kuwa ba na taɓawa, ko da yake a nan ne kasuwar ta fi ci.

A watan Agusta na 2019, da damina, na je gida. Labari ya riga ni isa cewa na karanto gyaran kai a Ingila. Kwana huɗu da zuwana, da hantsi, matar ƙanena ta shigo ɗakin Inna da ɗanta ɗan wata bakwai. Kwana uku yana zawo, kuma maɗigarsa ta faɗa. An riga an shafa masa ƙulli a tsakar ka, ya bushe ya tsattsage. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta biyo ta tana cewa a sa yatsa a tura dasashin sama ta ɗago, in ba haka ba ga mai abin ta zo daga Turai, a ba ta.

Maɗiga fili ne da ƙasusuwan goshi da na tsakar ka suka bari ba su haɗu ba tukuna, tantani ne kawai da fata, don kai ya iya matsewa wurin haihuwa kuma ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Takan rufe tsakanin shekara ɗaya da biyu. Ita ba ta ciwo don kanta. Idan ta kumburo, matsi ya yi yawa a ciki, kamar a sanƙarau. Idan ta lotsa, ruwa ne ya ƙare a jiki. Na duba yaron: ido ya zurma, leɓe a bushe, yana kuka ba hawaye. Na tsunguli fatar cikinsa na saki, ta tsaya a tattare kafin ta koma. Uwarsa ta ce tun daren jiya bai yi fitsari ba. Na haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, na fara ba shi da kaɗan-kaɗan. Ya karɓi uku ya amayo, kansa ya langaɓe.

Na ce ƙarin ruwa yake buƙata, yanzu, ba a gida ba.

"To ke da aka ce kin iya?" in ji dattijuwar. "Ɗan taɓa mai kan mana."

"Baba, hannuna ba shi da abin da zai yi masa."

Ƙanena yana kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Matarsa ta tsaya tana kallon Inna, don a gidan nan ba mai fita sai da cewarta, kuma kowa ya san abin da take cewa idan aka ambaci asibiti. Inna ta dubi yaron, ta dube ni. Ta miƙe ta shige uwar ɗaka. Na zaci fushi ta yi. Sai ga ta ta fito da mayafi da zanen goyo.

"Ke, leƙa ki tsayar muna da keke."

Ita ta goya shi. A asibiti nas ta daɗe tana neman jijiya a bayan hannunsa, ta ce wani ya danne mata shi kada ya motsa. Na matsa zan karɓe shi, Inna ta ture hannuna da gwiwar hannunta, ta rungume shi ta juya fuskarta bango har allurar ta shiga. Leda biyu aka sa masa. Da asuba ya kama nono. Inna ta jiƙa bakin zanenta a buta tana goge masa busasshen ƙullin nan a hankali, ta kira ni in zo in gani, maɗigar ta taso ta yi daidai da sauran kan.